Dutse daga sama: za a iya kautar da shi kafin ya iso? Tambayoyi da amsoshi

Ni malamin fiziya ne a wata makarantar sakandare a Gadarif, gabashin Sudan. Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da wata taswira mai jan layi da ya ratsa ta kan Najeriya da Sudan ta riƙa yawo a wayoyin mutane, ana cewa wani dutse daga sama zai faɗo a kan layin a 2032, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini, daga ɗalibai a aji, daga dattawa a bakin masallaci bayan Isha'i, har daga 'yan'uwanmu da ke Jidda da Makka. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tattara a nan. Inda na rubuta sakan, abin da Larabci ke kira saniya nake nufi. Na kauce wa kalmar daƙiƙa ne saboda mu a nan minti muke nufi da ita, mutanen Kano kuwa sakan.

Malam, wane irin dutse ne wannan? Shi ne tauraruwa mai wutsiya?

Ba ita ba ce, amma dangi ne. Duwatsun da ake magana a kai, waɗanda littattafan makarantunmu ke kira kuwaikib, ragowa ce daga lokacin da rana da duniyoyinta suka samu, shekaru kimanin biliyan 4.6 da suka wuce. Galibinsu suna kewaya rana ne tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari, nesa da mu ƙwarai. Akwai dai waɗanda hanyarsu ke gittawa kusa da tamu, su ne ake sa wa ido, kuma waɗanda aka gano a cikinsu sun haura 35,000. Wani bai fi ɗaki ba, wani ya fi gari faɗi.

Tauraruwa mai wutsiya, wadda kakanninmu suka ce ganinta ba alheri ba, curin ƙanƙara ce da ƙura, in ta kusanci rana sai ta fara tururi ta ja wutsiya. Ɗan hasken nan kuwa da ke zuƙowa ya ɓace in kana kwance a tsakar gida lokacin zafi, yawanci tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar dawa ba, take ƙonewa a cikin iska. Abin da ya tsira daga ƙonewa har ya taɓa ƙasa, shi ne naizak.

Ya taɓa faɗowa kusa da mu?

Ƙwarai kuwa, labarin ma namu ne. Ranar 6 ga Oktoba 2008, wani mai aikin hangen sama, Richard Kowalski, yana wata cibiya a kan dutsen Lemmon a jihar Arizona ta Amurka, ya ga ɗan ɗigo yana motsi a cikin hotuna. Kafin 'yan sa'o'i lissafi ya nuna abin zai shigo iskar duniya ta kan arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi. Da asubar 7 ga wata, ƙarfe 5:46 a agogonmu na lokacin, ya tarwatse a saman hamadar Nuba, kimanin kilomita 37 daga ƙasa. Faɗinsa kimanin mita 4 ne. Tunda ake duban sama, wannan ne karo na farko da aka ga dutse tun yana can, aka faɗi wuri da lokacin shigowarsa, ya kuma zo daidai. Sunansa a rajista 2008 TC3.

A watan Disamba na shekarar, Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka ɗebi ɗalibai suka shiga hamada. Aka jera sahu, ana tafiya a ƙafa, ido a kan yashi. Da wannan fita da waɗanda suka biyo bayanta aka tsinto gutsattsari kusan 600, nauyinsu ya ɗan haura kilo 10. Aka raɗa musu sunan tashar jirgin ƙasa da ke kusa, a layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamad: Almahata Sitta, Tasha ta Shida. An sami ƙananan ƙwayoyin daimon a cikinsu, har yau kuma ana nazarinsu a ƙasashe daban-daban. Duk shekara nakan tuna wa ɗalibaina cewa waɗanda suka tsinto su ba su girme su da yawa ba.

Ƙasar kakanninmu ma ta ga nata. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi, daga baya aka tabbatar ɓalli ne daga duniyar Mirrihi. 'Yan'uwa da ke Riyad kuma suna iya zuwa gidan tarihi na ƙasa su ga curin ƙarfe mai nauyin fiye da tan 2 da aka ɗauko daga Wabar, a hamadar Rub'ul Khali.

To in suna faɗowa haka ba su kashe kowa ba, ina abin tsoron yake?

Yana wajen girma da gudu. Dutse kan shigo da gudun kusan kilomita 20 a sakan ɗaya, don haka ko babu ƙwayar albarushi a jikinsa, gudun kaɗai ya mai da shi bam. In kuma faɗi ya ninka sau 10, nauyi sau 1,000 yake ninkawa. Irin na Tasha ta Shida kusan kowace shekara yana zuwa, iska ta cinye shi, sau da yawa a kan teku inda ba mai gani.

Ranar 15 ga Fabrairu 2013 wani mai faɗin kusan mita 20 ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Da yake can sama ya fashe, ba a yi asarar rai ba, amma mutum kimanin 1,500 sun nemi magani, galibi saboda gilashin tagogi, gine-gine fiye da 7,000 kuma suka lalace. Wanda ya fi shi girma ya fashe a Tunguska, cikin dajin Saiberiya, ranar 30 ga Yuni 1908, ya kwantar da bishiyoyi a faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000. Da a kan Khartum da Omdurman da Bahri ne, da babu abin da zai saura a tsaye a tsakiyarsu.

A ƙiyasin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai faɗin mita 140 kan faɗo kusan sau ɗaya a shekara 20,000, mai kilomita 1 kuwa sau ɗaya a shekara 500,000. Waɗannan manyan an riga an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu, kuma babu wanda ya nufo mu. Matsakaitan ne damuwa. Ana ƙiyasta akwai kusan 25,000 masu faɗin mita 140 ko fiye da ke bi ta kusa da mu, ba a kai ga gano rabinsu ba, alhali ɗaya ya isa ya hallaka jiha guda.

Yaya aka ƙare da wanda aka ce zai faɗo Sudan ko Najeriya a 2032?

An cire shi daga lissafin haɗari ga duniya. Sunansa 2024 YR4, an gano shi ne daga ƙasar Chile ranar 27 ga Disamba 2024, faɗinsa kimanin mita 60. Yiwuwar ya buge mu ranar 22 ga Disamba 2032 ta riƙa hawa har ta kai kashi 3.1 cikin 100 a ranar 18 ga Fabrairu 2025, sa'an nan cikin mako guda ta sauko kusan sifili. Jan layin nan na taswira jerin wuraren da zai iya faɗawa ne da a ce zai faɗo, tun daga tekun Pasifik, ta arewacin Kudancin Amurka, ta kan Afirka, har Indiya.

Mutane da yawa sun ce mini masanan nan ba su san abin da suke yi ba, yau kashi 1, gobe 3, jibi babu. Ga yadda abin yake. An ce baƙo zai sauka a ɗaya daga gidaje 100 na unguwa, naka yana ciki: rabonka kashi 1. Aka ƙara bincike aka cire gidaje 70, naka yana cikin 30 da suka rage: rabonka ya haura kashi 3, alhali baƙon bai canza niyya ba. Aka ƙara bincike aka gane a wani layi dabam zai sauka, sai rabonka ya koma sifili. Hawa da saukar alƙaluman alama ce ta ana ƙara sanin hanyar dutsen. A cikin duwatsun da aka sani yau, babu babba da ke da haɗari na a-zo-a-gani cikin shekara 100 masu zuwa.

Da gaske an taɓa ture dutse da kumbo, ko dai a fim ne kawai?

An yi, sau ɗaya, kuma ya yiwu. NASA ta harba wani kumbo mai suna DART ranar 24 ga Nuwamba 2021 daga Kalifoniya. Ba mutum a ciki, ba bam. Bayan wata goma yana tafiya, ranar 26 ga Satumba 2022, wadda a agogonmu ƙarfe ɗaya da kwata ne na dare an shiga 27, ya kai wa wani dutse mai suna Dimorphos karo, a nisan kimanin kilomita miliyan 11 daga nan. Nauyin kumbon kusan kilo 570, kamar na babban raƙumi. Dutsen kuwa faɗinsa kimanin mita 150, kusan girman babbar dalar Giza. Gudun karon ya ɗan haura kilomita 6 a sakan, wato daga Gadarif zuwa Khartum cikin minti ɗaya da 'yan sakan.

Zaɓen dutsen akwai hikima a ciki. Dimorphos ba ya barazana ga kowa, kuma yana kewaya wani babban dutse ne mai suna Didymos, kamar yadda wata ke kewaya duniya. Duk sa'ad da ya gitta, hasken da ake gani daga nan yakan ɗan dusashe, don haka ana iya auna tsawon zagayensa da na'urorin hangen nesa na ƙasa. Kafin karo yana gama zagaye cikin awa 11 da minti 55. An ce in aka rage sakan 73 ma an ci nasara. Da aka auna sai aka tarar an rage kusan minti 33.

Ta yaya abu mai nauyin raƙumi zai kautar da dutse mai girman dala?

Ba a bukatar a jefar da shi gefe. Abin da ake so shi ne a sa shi ya saɓa alkawari da duniya. Duniya na gudun kusan kilomita 30 a sakan a kan hanyarta, faɗinta kuma kimanin kilomita 12,700 ne, ka ga kenan cikin minti bakwai takan bar gurbin da take ciki gaba ɗaya. Karo ba ya faruwa sai su biyun sun iso mahaɗa lokaci ɗaya. In dutsen ya makara da 'yan mintoci, ko ya yi sammako da su, sai ya tarar da wuri wayam.

Duk wanda ya taɓa bin hamada ya san cewa kuskuren faɗin yatsa a wurin tashi kan sa mutum ya wuce rijiya da nisan yini. Haka abin yake a sama. In aka canza gudun dutse da santimita ɗaya kacal a sakan, cikin shekara goma ya kauce fiye da kilomita 3,000, kuma da yake canjin gudu na canza tsawon zagayensa a jikin rana, tazarar kan ninka kusan sau uku. Wannan ya isa a tsira a yanayi da yawa. DART ya canza gudun Dimorphos da milimita 2.7 ne a sakan, saboda haka in abin gaske ya zo, za a bukaci ko dai lokaci mai tsawo, ko kumbo fiye da ɗaya.

Wani abin da gwajin ya koyar shi ne, karon kansa bai kai ɓaraguzan da suka tashi aiki ba. Fiye da kilo miliyan ɗaya na ƙura da tsakuwa suka yi feshi baya, suka tura dutsen gaba kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar mai harbi, har turin ya ninka fiye da sau uku. Yawan wannan feshin kuwa ya danganta da yadda cikin dutsen yake, dunƙule ne ko tarin tsakuwa. Shi ya sa hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Hera ranar 7 ga Oktoba 2024, aka tsara ya isa wurin a ƙarshen 2026 ya auna nauyin Dimorphos da tabon da aka bar masa. Gutsattsarin Tasha ta Shida ma sun ba da tasu shaidar, domin an tarar da duwatsu iri-iri a cakuɗe a jikin dutse guda.

Me zai hana a harba masa nukiliya a wuce wurin?

Farfasa dutse daf da isowarsa na iya mai da harsashi ɗaya ya zama harbin bindigar toka, gutsattsarin su ci gaba da bin hanyar da suke kai. Masu nazarin amfani da nukiliya galibi wata dabara suke dubawa: a tayar da bam ɗin a ɗan nesa da dutsen, zafin ya mai da fatar gefe ɗaya tururi, tururin ya tura shi. A lissafi wannan ita ce hanya mafi ƙarfi, kuma ita kaɗai za ta rage in dutsen babba ne ƙwarai ko lokaci ya ƙure. Ba a taɓa gwada ta ba. Yarjejeniyar 1963 ta hana gwajin nukiliya a sararin samaniya, ta 1967 kuma ta hana girke makaman a can. A ganina waɗannan yarjejeniyoyi sun cancanci a kiyaye su, kuma hanya mafi sauƙi ta kiyaye su ita ce a gano dutse da wuri yadda karo irin na DART zai wadatar.

Akwai wata hanya ban da karo da bam?

Akwai masu taushi, amma duk a takarda suke. A 2005 wasu 'yan sama jannati biyu na Amurka, Ed Lu da Stanley Love, suka kawo shawarar a aika kumbo mai nauyi ya riƙa tafiya kusa da dutsen ba tare da ya taɓa shi ba, ɗan ƙarfin janyowar da ke tsakaninsu ya riƙa karkato shi sannu a hankali. Wasu sun ce a riƙa fesa masa iskar injin kumbo. Amfaninsu shi ne ana iya sarrafa su daidai wa daida, aibinsu kuwa suna cin shekaru da yawa, kuma ƙananan duwatsu kawai suke iya wa.

Shekara nawa ake bukata? In aka gano shi saura wata ɗaya fa?

In saura wata ɗaya ne, babu kumbon da zai yi amfani. Abin da ya rage shi ne a lissafa inda zai faɗo a kwashe mutane. Gina kumbo da jiran lokacin da ya dace a harba shi da tafiyar kanta kan ci shekaru, sa'an nan turin na bukatar nasa shekarun kafin ya yi tasiri, kamar yadda lissafin santimita ɗaya ya nuna a sama. Shekara goma ko fiye ita ce ake fata.

Don haka in aka tambaye ni wanne ya fi muhimmanci tsakanin kumbo da na'urar hangen nesa, ba na jinkiri: na'urar hangen nesa. Na Tasha ta Shida an gan shi saura kimanin awa 20. Na Chelyabinsk ba wanda ya gan shi sam, domin ta ɓangaren rana ya ɓullo, inda na'urorin ƙasa ba sa iya dubawa. A Yulin 2019 wani da ya kai girman filin ƙwallo ya wuce mu a tazarar kusan kilomita 70,000, kwana ɗaya kacal bayan an lura da shi. Da yawansu baƙaƙe ne kamar gawayi, ba sa mayar da haske sosai. Saboda haka NASA ke gina wata na'ura mai suna NEO Surveyor da za a kai sama, wadda zafin jikin dutse take gani maimakon haskensa, ga kuma sabuwar cibiyar Vera Rubin a Chile da ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025.

Wannan ba shiga hurumin Allah ba ne? In ya ƙaddara dutse zai faɗo, wa zai hana?

Wani dattijo ne, abokin mahaifina, ya fara yi mini wannan tambaya, kuma ga abin da na ce masa. Baba, abin da Allah ya hukunta babu mai hana shi, a kan wannan ba mu da saɓani. Amma ku ne kuka koya mana cewa da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta sa'an nan ya yi tawakkali. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya amsa cewa e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mutanen Kassala suna tare kogin Gash da ganuwar ƙasa duk damina, ba mu taɓa jin malami ya hana ba. Dutsen da ke tafe da ruwan da ke tafe duk halitta ne masu bin ƙa'idar da aka ɗora su a kai, kuma da wannan ƙa'idar ce ake iya lissafa zuwansu. Tashin Alƙiyama dabam ne, saninsa na wurin Allah, babu kumbon da ya shafe shi.

Muna cikin yaƙi da yunwa, ana zuba kuɗi a kan dutsen da watakila ba zai zo ba. Wannan adalci ne?

Wannan tambaya ta fi kowace yi mini nauyi. Wata uwa ce ta yi mini ita, wadda ta baro Madani da 'ya'yanta a Disambar 2023, suka yi watanni suna kwana a ajin makaranta. Inna, ba ni da bakin ce miki ki damu da abin da ke nisan kilomita miliyoyi alhali tukunyarki ba ta hau wuta ba. Hakkinki ya riga wannan, kuma duniya ta gaza a kansa.

Sai dai ba kumbon ne ya cinye rabonki ba. Aikin DART gaba ɗayansa ya ci kimanin dala miliyan 325. A shekarar 2024 ƙasashen duniya sun kashe kusan dala tiriliyan 2.7 a kan soja da makamai. In aka raba wannan a kan sa'o'in shekara, kuɗin DART kusan na awa ɗaya ne. Awa ɗaya! A shekarar nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 2.7 don agajin cikin Sudan, wato ɗaya bisa dubu na kuɗin makaman, ba ta kuma samu duka ba. Inda kuɗin abincinmu ya tafi a bayyane yake. Ni kam na fi son in ga masu iya ƙera roka suna auna dutse da ita, domin mun ga abin da take yi in aka auna gari.

Wa zai yanke hukuncin a ture shi? Mu za a tambaye mu?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aikin bai kammala ba. Bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya an kafa ƙungiyoyi biyu a 2014. Ɗaya, IAWN, tana haɗa cibiyoyin hangen sama, ita ke ba da gargaɗi in yiwuwar karo ta haura kashi 1 cikin 100 ga dutsen da ya wuce mita 10. Ɗayar, SMPAG, ta hukumomin sararin samaniya ce, tana fara tsara abin yi in dutsen ya wuce mita 50 kuma ana sa ran zuwansa cikin shekara 50. Dukansu shawara suke bayarwa. Mai kumbo shi ke da ikon harbawa.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu kai tsaye shi ne jan layin nan da na yi bayani a tambayar 2032. In aka ture dutse, wurin faɗawarsa yana jan ciki ne a kan wannan layi, gabas ko yamma, har ya fita daga jikin duniya. In turin ya isa, kowa ya tsira. In ya tsaya a rabi, an ɗauke masifar daga kan wasu an ɗora wa waɗansu. Ka ɗauka wurin faɗawar yana tsakiyar tekun Atilantika: a tura ta yamma, sai ya bi ta kan Kudancin Amurka, a tura ta gabas, sai ya bi ta kan Najeriya da Sudan. Wa zai zaɓa? Bai kamata ƙasashen da ke ƙarƙashin layin su ji labari a rediyo bayan an gama shawara ba. Sudan da Najeriya da Saudiyya duk suna da kujera a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana, mai zama a birnin Biyana na ƙasar Austiriya. Kujerar na bukatar mutanen da suka iya lissafin, su karanta shi da kansu.

Wanda ya iya kautar da dutse, ba zai iya auna wata ƙasa da shi ba?

Masanin taurari Carl Sagan ya yi wannan gargaɗi tun a 1994. A aikace abin na da wuya ƙwarai, domin sai an sami dutsen da dama zai wuce daf da mu, a jira shekaru, kuma duk mai na'urar hangen nesa a duniya zai ga hanyarsa ta canza. Kariyar ita ce bayanan su ci gaba da zama a buɗe. A yanzu duk abin da aka hango ana aika shi wata cibiya guda a Amurka da ke wallafa shi ga kowa, Turai kuma na yin nata lissafin dabam don a gwada da na NASA.

In na ga haske mai ƙarfi a sama, ko na tsinci dutsen da nake zargi, me zan yi?

A halin da muke ciki, haske a sama ya fi yiwuwa ya zama na yaƙi ne, amma matakin ɗaya ne: nisanci taga, ka kwanta ƙasa, ka rufe kai. In dutse ne, ƙarar da bugun iskar kan iso minti ɗaya ko fiye bayan hasken, a wannan tsakanin ne mutanen Chelyabinsk suka taru a bakin tagogi suna kallo. Wata malamar firamare a garin ta umarci yara 44 su shige ƙarƙashin tebura, babu wanda gilashi ya taɓa a cikinsu, ita ce ta ji rauni.

Samarinmu da ke zuwa neman zinariya a arewa da na'urar gano ƙarfe sukan ci karo da naizak. Yakan fi duwatsun wurin nauyi, da baƙar fata siririya kamar an babbaka shi, galibi kuma maganaɗisu na kama shi. Ba shi da guba, ba shi da wani asiri, kuma ba shi ne gatarin aradu ba. Kada ka wanke shi ko ka fasa. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka adana wurin a waya, ka nuna wa masana ilimin ƙasa a jami'a kafin dillali ya karɓe shi a banza.

Gaskiya ne akwai wanda za mu gani da idonmu a 2029?

Gaskiya ne, kuma ba zai buge mu ba. Sunansa Apophis, faɗinsa kimanin mita 340, an gano shi a 2004. A ƙarshen shekarar ya tayar da hankali, don an ba shi kashi 2.7 cikin 100 na karo a 2029, sa'an nan ƙarin bincike ya cire wannan, awon da aka yi masa da rada a 2021 kuma ya tabbatar babu haɗari daga gare shi har shekara 100. Ranar Juma'a, 13 ga Afrilu 2029, zai wuce a tazarar kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda taurarin ɗan Adam da dish ɗin gidajenmu ke kallo suke, waɗanda ke kusan kilomita 36,000.

Afirka da Turai da yammacin Asiya ne dare zai riska a lokacin, don haka daga Maiwurno har Makka har Kano ana sa ran ganinsa ba tare da na'ura ba, kamar matsakaicin tauraro da ke tafiya a hankali a tsakanin sauran. Kumbon NASA da ya kawo ƙurar dutsen Bennu a 2023 yana kan hanyar zuwa ya same shi bayan ya wuce, a ga yadda janyowar duniya ta motsa shi. Watan Afrilu a nan sama kan kasance garau, ba hadari. In Allah ya kai mu, ina da niyyar fita da ɗalibaina bayan gari, nesa da fitilu, kowa da tabarmarsa.